Ɗaurin Fatun da Ban Kwance Ba

Ƙauran Namoda

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka a Kano lafiya, kai da masu masaukinka, tun kafin ranar tashinka. Yayarka Hajara tana gaishe ka, da yaranta duka. Maigidanta ne zai kawo maka takardar, yana da shiga Kano cikin makon nan. Ka yi haƙuri da rubutun, tsufa ya zo. Sai in yi 'yan layuka in ajiye alƙalami in huta.

Ran da ka zo sallama ka zauna tare da ni a zaure tun hantsi har aka kira azahar. Na ga kana jira in ce wani abu, ni kuwa ban ce komai ba sai "Allah ya kiyaye hanya." Keken da ya ɗauke ka yana shan kwana maganganu suka taso mini gaba ɗaya, ga shi ba kowa a gidan. A waya kuma ka san halin kunnena. Kai kana ɗaga murya, ni ina ta "na'am, na'am," har mu rabu ba mu faɗi komai ba. Shi ya sa na nemi takarda.

Ka ce masu gidan jimar da kake wa aiki za su zaunar da kai a Indiya, ka riƙa karɓar fatun da suke aikawa, ka tsaya a kansu lokacin da ake rarraba su lamba-lamba, sannan ka lodo musu kayan gyaran keke napep da na babur zuwa gida. Na tambaye ka yaushe za ka dawo, ka ce ba a yanke ba tukuna. Ban ƙara tambaya ba. Ni ma fata na ba ƙarfina, kuma na yi kurakurai a cikinta waɗanda ba na so ka maimaita.

Da na fita makarantar midil aka ɗauke ni akawu a wani kantin Turawa kusa da tashar jirgin ƙasa. Kai ba ka san Ƙaura ta lokacin ba. Nan dogo ya ƙare, saboda haka duk abin da ƙasar Zurmi da Shinkafi ta noma ko ta yanka, nan yake zuwa ya jira tarago: gyaɗa, auduga, ƙiraga, fatun awaki. A bangon ofishinmu akwai taswira da aka ja wa jan layi daga Ƙaura zuwa Zariya, zuwa Ikko, ya bi ta teku ya tsaya a Ingila. Na yi shekaru ina kallon layin nan, har ya zauna mini a kai cewa kaya hanya ɗaya suke da ita a duniya, kuma duk mai saye na gaske Bature ne.

Bayan na bar kantin na kama saye da kaina, ina tara fata ina kai wa Turawan. A lokacin ne wani Ba'indiye mai suna Basha ya fara zuwa Ƙaura. Musulmi ne, ɗan siriri, sahu ɗaya muke salla da shi. A bakin mahauta ya koyi Hausa, don haka zagi ya fara iyawa kafin gaisuwa. Ba ya sayen fata sai ya kai ta hanci ya sansana. Mahauta su ce masa, "Alhaji, saye za ka yi ko ci?" Shi kuma ya ce, "Ku kun cinye akuya, ku bar ni da rigarta mana."

Duk sanda ya zo wurina lamba ɗaya yake roƙo, wato fatar jar akuya mai laushi, wadda wuƙa ba ta huda ba wajen fiɗa. Ni kuwa sai in ɓoye ta a ƙuryar sito don Turawa, in fito masa da abin da suka rage. Wata rana ya zauna a kan ɗauri yana share gumi, ya ce mini, "Malam Umaru, garinmu kamar naku ne. Zafi, awaki, da talakawa masu son takalmi. Turawa sun fara gajiya da warin jima, aikin zai dawo hannunmu. Ka riƙe ni tun yanzu." Na yi masa dariya a gaban idonsa. Da ya fita na ce wa abokan zamana, "Mutumin da ke cin shinkafa da hannu kamar mu, ina zai samo ƙarfin sayen lamba ɗaya?" Aka yi ta ƙyalƙyala dariya.

Ba a jima ba kantin Turawa ya rufe. Jirgi ya koma zuwa jefi-jefi, har ciyawa ta fara cin dogo. Yau ina zaune a zaure, duk keken da ya wuce ƙofar gidan nan daga ƙasar su Basha ya fito. Fitilar da ke gefen gadona daga Sin take. Riɗin da ake aunawa a kasuwarmu, an ce mini can gabas yake tafiya. Babu ɗaya daga cikinsu da ya bi ta jan layin nan.

To, Nasiru, za ka sauka cikin mutane masu kama da mu a talauci. Za ka ga cunkoso, da shanu a kan titi, da mai kuɗi sanye da zane a ƙugu kamar ya fito daga wanka. Kada ka raina kowa. Wanda ya zo maka da silifas a ƙafa yana iya zama mai gidan jimar baki ɗaya. Ka ba shi kaya masu kyau tun yana ƙarami, kada ka jira sai ya girma. Amma kuma kada ka ɗauka don sun yi kama da mu za su tausaya maka a ciniki. Basha yana cin tuwo a gidana, yana wasa da yara, da an zo kan sikeli kuwa sai ya zama kamar bai taɓa ganina ba. Ban ga laifinsa ba. Kai ma ka koyi haka.

Kuma abin da na yi masa kada ka bari a yi maka. Can ma suna da ƙuryar sito. Idan za ka sayi kayan keke da na babur, ka tambaya wane ne suke ajiye wa manyan masu saye, ka ce shi kake so. Ka san yadda hanyar Shinkafi ta zama yanzu. Yaron da sarƙar babur ɗinsa ta tsinke a tsakiyar dajin nan, ba asarar yini ya yi ba, ransa ne a hannun Allah. 'Ya'yan maƙwabtanmu ne za su hau abin da ka zaɓo.

Na dawo ga Basha. Da Turawa suka tafi, ni na neme shi da kaina, ina jin nauyi. Bai tuna mini da komai ba. Ya ce mutanensu suna son kaya masu yawa bayan Babbar Salla, lokacin da fata ke cika gari, kuma shi zai wuce gida, in tura kayan zuwa Ikko da shaidata a jiki. Ya ce, "Hancinka ya isa, ba sai nawa ba." Na tara na Ƙaura da na Zurmi, ba su cika ba. Sai na nufi Jangeru wurin kakanka na wajen uwa, Malam Jaɓɓi, wanda ke tara fata daga rugage har da na ƙetaren iyaka.

Ba ka riske shi ba. Dogo ne, ba ya son yawan magana, kuma ni tun da na auri 'yarsa ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa sosai ba. Na iske shi a gindin bishiya a kan buzunsa. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa, muka gaisa. Ga ɗaurukan fata an jera a gefe, an ɗaure da igiyar kaba. Ya nuna su da sanda ya ce, "Ga kaya nan, malam. A kwance a duba."

Na ce, "Haba Baba, kayan da suka fito daga hannunka?"

Ya ce, "A dai kwance."

Na ce, "Subhanallahi. Wallahi ba zan iya ba."

Ka san fata a inuwa ake shanya ta, a rataye, iska tana ratsa ta ciki da baya. Idan aka shimfiɗa ta a ƙasa cikin rana aka kafe ta da turaku, bayanta zai bushe da sauri, cikinta kuwa ya dahu. A ɗaure ba za ka gane ba. Sai an kwance ka ga ta yamutse, ga yashi a jikinta. In kuwa ba a kwance ba, ba za ta tona kanta ba sai ta shiga ruwan jima. A shekarar nan, Salla cikin damina ta faɗo. Yaran gidan kakanka suna sauri tsakanin ruwa da ruwa, suka kafe fatun a ƙasa. Shi kuma idanunsa sun riga sun yi rauni, bai sani ba.

Lokacin da ake lodawa a mota na dafa ɗauri ɗaya, na ji shi da tauri kamar ƙyaure. Hannuna ya gaya mini. Amma yana zaune yana fuskantar wajen, ga mutanen ƙauye tsaye, sai na ga idan na sa wuƙa na yanke igiyar nan kamar na ce wa surukina ban yarda da shi ba. Na janye hannu na ce a loda.

Bayan watanni Basha ya dawo. Ya yi sallama a wannan zauren da ka zauna, ya buɗe jakarsa ya fito da fata guda a naɗe, ya shimfiɗa ta a kan tabarma. Duk huji ce, kamar rariya. Ya ce, "Na rantse wa mutanenmu da sunanka, Malam Umaru. Sun ce in tambaye ka, akuyar Ƙaura da tagogi ake haihuwarta?" Ya yi ɗan murmushi, ni ban iya ba. Bai yi faɗa ba, ya ma ci abinci kafin ya tafi. Amma daga ranar ya mayar da sayensa Kano.

Abin da ya fi zafi shi ne da labari ya kai Jangeru. Kakanka, wanda bai taɓa taka gidan nan ba tun da aka kawo mahaifiyarka, ya hau mota ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Ya ce, "Ban ce ma ka kwance ba? Kai ka ji kunyata ta yini guda, ni ka bar ni da wadda ta ƙetare teku. Wanga ba girmamawa ba ce." Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, tana bayan zana tana ji. Ta daɗe ba ta iya ambatar Jangeru a gabana ba.

Saboda haka ka kwance kaya, ɗana. Ko na iyayen gidanka ne da suka aiko daga Kano, ka kwance kafin ka miƙa wa mai saye. Ko mai sayar maka tsoho ne sa'an ubanka, ya kai ka gidansa, matarsa ta dafa maka, ka ce masa ya gafarce ka, sannan ka yanke igiya. Kai ma in ka ba da kaya, ka tsaya sai an duba a gabanka. A kasuwar Shinkafi idan an yi kuskure, mako mai zuwa za ku haɗu a gyara. Amma kayan da suka hau teku su kaɗai za su isa, ba wanda zai tsaya kusa da su ya ce ai surukinsa ne, ai ruwa ne ya matsa. Abin da suka gani a ruwan jima shi za su ce halin mutanen ƙasarmu ne.

Akwai wani abu da nake so ka yi mini, ba nasiha ba ce. Na yi rayuwata ina tura fata, ban taɓa ganin inda take ƙarewa ba. Basha ya sha cewa in zo in gani, ni kuwa ina ganin in ba Makka ba me zai hau da ni jirgin sama. In ka sami hali ka shiga inda suke yanka ta suna ɗinka takalmi, ka tsaya ka kalla da kyau. Ka gaya mini ko har yanzu suna gane fatar jar akuyarmu da taɓi, ido a rufe, kamar yadda ya ce tsofaffinsu suna yi. Shi kam na san da wuya yana raye. Amma in ka gamu da wani dattijo a masallaci ya gaishe ka da Hausar mahauta, ka ce masa Umaru na Ƙaura yana nan.

Saura guda, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Da Basha ya koma Kano sai na bi shi can, don in wanke sunana. Na kama aiki da masu jima, ina tsaya musu a kan saye. Lokacin mahaifina yana Birnin Tsaba, ya tsufa, kamar yadda nake yanzu. Babu waya. Direbobin da ke zuwa Zurmi nake ba saƙo, su tsaya su gaishe shi su kawo mini amsa. Kullum amsar ɗaya ce: "Lahiya lau nike. A ce mashi ya tsaya ga aikinai." Wani direba ya taɓa ce mini ya ga tsohon ya rame. Na ce ai shi da bakinsa ya ce lafiya lau. Gaskiya ita ce amsar ta yi mini daɗi, don kasuwa ta fara buɗe mini, ba na son abin da zai tashe ni.

Da aka aiko a ƙarshe, na iske an riga an kai shi makwancinsa. Gwaggona, ƙanwarsa da ke jinyarsa, ta zaunar da ni ta ce tun kafin a yanke gero ya daina cin abincin kirki. Ta ce duk ranar da motar Ƙaura ke shigowa sai ya sa a fito da shi ƙofar gida, ya ce iska yake sha. In mota ta sauke mutane ta wuce, sai ya ce a mayar da shi ciki.

Na ce, "Gwaggo, me ya hana ku aiko mini?"

Ta ce, "Shi ya hana. Ya ce ba a tashin namiji daga nemansa. Kai kuma ba ka tambayi kowa ba sai shi. Mi kake so ya ce? Ka taɓa jin uba ya ce ma ɗansa yana marmarin ganinai?"

Ban taɓa ba ka wannan labarin ba, don ban san ta inda zan fara ba. Yanzu da na kai shekarunsa na gane bai yi mini ƙarya da gangan ba. Bakin ne ba ya iya furtawa. Haka aka rene su, haka suka rene mu. Ni ɗansa ne, Nasiru. Na san kaina. Za ka kira daga Indiya ka ce, "Baba, yaya jiki?" in ce maka lafiya lau, ka tsaya ga aikinka. Ko ina kwance ba na iya juyawa, haka zan ce. A takarda kaɗai nake iya faɗa maka gaskiya, shi ma don ba ka gabana.

Gaskiyar kuwa ita ce ƙafafuna sun fara kumbura, masallacin ƙofar gida ma sai na huta a hanya. Tun da mahaifiyarka ta rasu gidan nan ya yi mini girma. Abokan zamana na tasha duk sun riga ni. Birnin Tsaba kuma, inda kabarin iyayena yake, hanya ba ta barin tsoho ya je. Kai ne kake shigowa da hayaniya, kana yi mini gardama a kan farashin fata, kana cewa zamaninmu ya wuce. Ba na hana ka tafiya. Da na so hanawa da na yi tun a zaure. Ka tafi, hanyar da na raina ce ta buɗe maka, kuma ina alfahari da kai ko da ban taɓa faɗa ba. Amma ina so in sake ganinka da idona.

Don haka ga abin da za ka yi. In ka kira ni, mu gaisa, ka ba ni labarin garin, in ba ka na unguwa. Amma zancen jikina kada ka tambaye ni. Ka kira Hajara. Ita ke aiko mini da abinci, ita ke ganin kwanon in ya koma. Ka tambaye ta ko na cinye, ko na taɓa kaɗan, ko ya koma yadda ya zo. Jiya na kira ta na gaya mata a gaban maigidanta cewa duk ranar da na ce kada ta gaya maka, kada ta saurare ni, na yafe mata saɓa mini tun yanzu. Ta yi kuka, ta ce wace irin magana ce wannan. Na ce ta dai riƙe.

Ran da ta ce maka ka zo, ka zo. Kada ka ce sai kwantena ta iso, kada ka ce sai an gama rarraba kaya. Ka gaya wa iyayen gidanka wannan tun kafin ka hau jirgi, don kada ranar ta zo ka tsaya jin nauyinsu. In kuma ka iso ka same ni zaune a zaure da ƙarfina, ina yi maka faɗa a kan me ya taso ka ka bar aikin mutane, ka yi shiru ka zauna kusa da ni. Faɗan na baki ne.

Allah ya kai ka lafiya, ya saukar da kai cikin mutanen kirki. Ya tsare ka a sama da ƙasa, ya tsare maka sallarka da cikinka daga haram. Ya sa albarka a abin da za ka kai da abin da za ka kawo. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Allah ya sa Hajara ta daɗe ba ta kira ka ba, ka dawo da ƙafarka don kanka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Umaru